Abin da Ido Ke Kamawa da Abin da Ke Kuɓuce Masa a Filin Jirgin Heathrow

 

A yammacin birnin Landan, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Hatton Cross, akwai wani ɗan layi da ake kira Myrtle Avenue. Gidaje ne na masu matsakaicin hali, a ƙarshensu kuma akwai fili mai ciyawa. Filin nan yana daf da bakin titin kudu na filin jirgin saman Heathrow, har jirgin da ke shirin sauka kan wuce ta saman kan mutum ya iya ƙirga tayoyinsa. Da wuya a rasa mutane a wurin, riƙe da kyamara da madubin hangen nesa da littafin rubuta lambobin jirage. Ba wanda ke biyan su ko sisi, sha'awa ce ke kai su. Ranar 18 ga Fabrairun 2022, da guguwar da aka sa wa suna Eunice ta afka wa Ingila, wata tashar intanet mai suna Big Jet TV ta kafa kyamara a gefen filin jirgin tana nuna saukar jirage kai tsaye, mutum sama da 200,000 suka zuba ido a lokaci guda. Sun ga jirage na tahowa a karkace, hanci na kallon wani gefe, jiki na bin wani gefe. Sun ga wasu sun kusa taɓa ƙasa, sai su ƙara wuta su koma sama. Hankalin masu kallo ya tashi ƙwarai, amma har rana ta faɗi ba jirgin da ya yi haɗari a Heathrow.

Magana ɗaya na zo da ita yau, ita zan yi ta juyawa har mu tashi. A filin jirgi mai cunkoso irin wannan, abin da ke tsorata ɗan kallo galibi alama ce ta cewa ƙa'ida na aiki, wani ya hango matsala ya ɗau matakinta. Abin da ke kashe mutane kuwa yakan zo ne da kamannin yau da kullum, ya wuce ta gaban ƙwararru ba wanda ya ɗaga kai. Wanda ya ji haka zai iya cewa, to ashe kallon ba shi da amfani, a bar wa masu aiki aikinsu. Ban yarda da wannan ba, kuma zan kawo dalilaina. Sai dai dole mu fara sanin yadda wurin ke gudana, domin wanda bai san miƙaƙƙe ba ba zai gane karkatacce ba.

Titi biyu kacal Heathrow ke da su na sauka da tashi, na arewa mai tsawon kusan kilomita 3.9 da na kudu mai kusan 3.7, dukansu kwance gabas da yamma. A kan waɗannan biyun aka ɗauki fasinja miliyan 83.9 a shekarar 2024. Hukuma ta ƙayyade wa filin sauka da tashi 480,000 a shekara, kuma kullum yana daf da cika wannan adadi, wato kusan 1,300 a rana, jirgi ɗaya kusan kowace daƙiƙa 45 a lokutan aiki. Inda ake irin wannan matsi babu wurin son rai, kowane motsi da dalilinsa. Baƙon da ya zauna a Myrtle Avenue tun safe jirage na wucewa ta kansa, ƙarfe 3 na rana na yi sai ya ga samansa ta yi tsit, masu sauka duk sun koma titin arewa. Zai ɗauka wani abu ya faru. Tsari ne daɗaɗɗe: ɗayan titin na sauka, ɗayan na tashi, ƙarfe 3 a yi musanya, don mazauna unguwannin da ke ƙarƙashin hanyar su sami rabin yini na hutu daga ƙara. Wata rana kuma zai tarar komai ya juye, jirage na shigowa ta wajen Windsor maimakon ta saman tsakiyar Landan. Jirgi yakan fuskanci iska ne idan zai tashi ko zai sauka, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na shekara ana aiki ne ana fuskantar yamma. Ranar da iskar gabas ta yi ƙarfi sai a juya. Shi ya sa titi ɗaya ke ɗauke da lamba 27 a wannan baki, 09 a wancan.

Ga kuma jiragen da ake hangowa can nesa suna ta kewaya wuri ɗaya. Ba ɓata suka yi ba, layi suke bi. Wurare huɗu aka ware musu a saman Bovingdon da Lambourne da Ockham da Biggin, kowane jirgi da tazarar ƙafa 1,000 tsakaninsa da na ƙasansa; idan na ƙasa ya fita, na samansa ya sauko ya maye gurbinsa. Mai lura zai ga wani abu kuma a jerin masu saukowa: tazarar ba ɗaya ba ce. Ƙananan jirage biyu kan biyo juna da kusan mil 3, amma ƙaramin da ya biyo bayan ƙaton Airbus A380 sai a ja shi baya nesa, a tsohuwar ƙa'idar duniya har mil 7. Dalili shi ne kowane fiffike yana barin iska mai murɗawa a bayansa, ido ba ya ganinta, kuma ta babban jirgi na iya kifar da ƙarami. A shekarar 2015 hukumar NATS mai kula da sararin saman Birtaniya ta kawo wani sauyi a Heathrow, wanda ba a taɓa yi a wani filin ba kafin nan: ta koma auna tazara da lokaci maimakon nisa. Idan iskar gaba ta yi ƙarfi, jirage na rage saurin isowa, ita kuma iskar na saurin watsa waccan murɗaɗɗiyar iska, don haka ana iya matso da su kusa. Ma'ana, ranar da iska ta fi ƙarfi ita ce ranar da ɗan kallo zai ga jirage sun fi manne wa juna, ya ce an yi ganganci, alhali lissafi ne.

Mu koma ranar guguwa. Jirgin da ke tahowa a karkace abin da mai kwale-kwale ke yi yake yi: in zai ƙetare kogi mai gudu, ba ya saita hancinsa daidai da mashigar da yake nufi, sai ya karkata shi wajen da ruwan ke fitowa, ruwan ya tura shi, ya isa inda yake so. Matuƙi na karkata hancin jirgi cikin iska don jikin ya bi tsakiyar titi, sai daf da taɓa ƙasa ya miƙe shi. Wanda ya fasa sauka kuwa, shi ya fi cancantar yabo a cikin su duka. Ƙa'idar da kamfanoni ke bi ita ce, kafin jirgi ya sauko ƙasa da ƙafa 1,000, ko 500 idan gari garau yake, dole gudunsa da saitinsa da saurin gangarowarsa su daidaita. In ba su daidaita ba, a ƙara wuta a sake zagayowa. A kowace sauka 1,000 akan fasa ɗaya zuwa uku, a fili irin Heathrow ke nan abu ne na kusan kowace rana. Abin da ya kamata ya dame mu yana ɗaya ɓangaren. Gidauniyar Flight Safety Foundation ta fitar da rahoto a 2017 da ya nuna cewa cikin jiragen da suka taho ba a daidaice ba, kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai ke fasa sauka. Sauran duk sukan lallaɓa su sauka, galibi lafiya, fasinja su yi hamdala, ba wanda ya ɗauki hoto. Zarcewa daga titi yayin sauka kuwa yana cikin haɗurran da suka fi yawa a wannan sana'a, kuma daga cikin waɗancan masu lallaɓawa yake yawan fitowa. Haka ma saukar da fasinja ke ƙorafi a kanta, wai matuƙi ya buga jirgi da ƙasa. Idan titi na da ruwa, da gangan ake dira da ɗan ƙarfi, don taya ta keta ruwan ta kama kwalta, birki ya samu abin riƙewa. Saukar da ta yi laushi har ba a ji ba, wani lokaci rabin titin ta cinye kafin ta taɓa.

Ƙananan abubuwa irin waɗannan suna da yawa, ba sai na daɗe a kansu ba. Farin layin da ke fita daga bakin fiffike a danshin Landan tururin ruwa ne, ba mai ke zuba ba. Hayaƙin da ke tashi lokacin dira taya ce da ke tsaye cik aka tilasta mata gudun kilomita 250 a awa cikin ƙiftawar ido. Abin da fasinja ke gani a jikin fiffike ya ce salatif aka liƙa, na alminiyam ne da aka yi don wannan aiki, a kan wurin da ba ya ɗaukar nauyi, kuma an rubuta shi a littafin jirgi da wa'adin gyaransa. Wasu nau'o'in jirage an yarda su tashi ko da an cire ɗan lanƙwasasshen ƙarshen fiffike guda, sai dai a ƙara lissafin mai. Ƙarar nan da ke fitowa daga ƙarƙashin daɓen Airbus A320 a ƙasa, wadda masu aikin kansu ke kira haushin kare, na'ura ce ke daidaita ƙarfin man haidirolik tsakanin layi biyu idan inji ɗaya ne a kunne. A cikin Janairun 2016 ma kamfanin Qantas ya tashi Boeing 747 daga Sidni zuwa Johannesburg da inji biyar, na biyar ɗin kaya ne aka ɗaura a ƙarƙashin fiffike za a kai wa wani jirgin da ya lalace.

Guda ɗaya ne nake so mu tsaya a kansa. Wani lokaci jirgi kan tashi, a ga ya yi nisa tayoyinsa na reto a waje, bai naɗe su ba. Nan da nan masu kallo su ce tayoyi sun maƙale. Yawanci da gangan ne. Ko dai birki ya yi zafi ana so iska ta huce shi, ko kuwa an dakatar da birkin taya ɗaya bisa izinin littafin jirgi, dole a jira ta daina juyawa don kanta kafin a shigar da ita ciki. Jirgin da ya tashi ya naɗe tayoyinsa nan take ba ya jan hankalin kowa, haka kowane jirgi ke yi. To haka wani jirgi ya yi a Jidda ranar 11 ga Yulin 1991. DC-8 ne na kamfanin Nationair na Kanada, yana aiki da sunan Nigeria Airways, ya kwaso alhazai zai kai su Sakkwato. Mutum 261 ne a ciki, fasinja 247 da ma'aikata 14, ba wanda ya fita da rai. Allah Ya jiƙansu, Ya gafarta musu. Bincike ya gano cewa tayoyi biyu ba su da isasshiyar iska, kuma masu gyara sun san da haka kwanaki kafin ranar. Da safiyar tafiyar babban makaniki ya nemi iskar naitirojin da ake hura wa tayar jirgi, ba a samu a kusa ba, mai kula da aikin jigilar kuma yana gudun jinkiri, aka sallami jirgi. A kan titi taya ta fashe, ta kusa da ita ta biyo baya, ƙarfen ya dinga gogar kwalta har wuta ta kama. Matuƙan ba su san da wutar ba. Suka ɗaga, suka naɗe tayoyi kamar kullum, suka shigar da wuta cikin cikin jirgin, inda wayoyi da bututun haidirolik suke. Sun juyo za su sauka, jirgin ya faɗi kimanin kilomita 3 kafin titi.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan tayar jirgi ko kimar bai sani ba. Tayoyin biyu-biyu suke a kan ƙarfe ɗaya, in ɗaya ta rage iska sai 'yar'uwarta ta ɗauke mata nauyi, mai laushin ta tsaya da kyanta, mai lafiyar kuma ta yi ta wahala har ta fashe. Da alhazan nan sun tsaya sun ƙare wa tayoyin kallo kafin su hau, ba abin da za su gani. Ma'auni ne kaɗai ke faɗa, kuma ma'aunin ya faɗa, mutane ne suka ƙi ji.

Akwai kuma aibin da ido ke iya gani amma sabo ya rufe shi. Ranar 24 ga Mayun 2013 wani Airbus A319 na British Airways ya tashi daga Heathrow zuwa Oslo. Yana ɗagawa murafen injinansa duka biyu suka ɓalle, ɗaya ya huda bututun mai a injin dama, daga baya wuta ta kama shi. Matuƙan sun dawo sun sauka da inji ɗaya, aka fitar da kowa da rai. Hukumar AAIB mai binciken haɗurran jirage a Birtaniya ta bi diddigi. Da dare ma'aikatan gyara biyu sun buɗe murafen don duba mai, suka bar su ba a sa sakata ba da niyyar dawowa. Da suka dawo, a gajiye, sai suka nufi wani jirgin daban mai kama da shi a wani wurin ajiya, suka tarar da murafensa a rufe, suka ɗauka an gama. Da safe mataimakin matuƙi ya zagaya jirgin kamar yadda doka ta ce, direban motar da ke tura jirgi baya shi ma ya duba. Ba wanda ya gani. Sakatun a ƙarƙashin injin suke, injin kuma kusa da ƙasa, sai an durƙusa ake ganin su. Murfin da ba a kulle ba da ɗan siririn tsagi kawai ya bambanta da kullalle. Kuma wannan ba shi ne karon farko ba, an riga an yi irinsa fiye da sau 30 a dangin wannan jirgi a duniya. Mutanen nan ba jahilai ba ne. Sun duba inji sau dubbai sun tarar da shi a rufe, sai idonsu ya koma ganin abin da ya saba gani. Sabo turken wawa, in ji magabata, amma a nan masu wayo ya ɗaure.

Yanzu ga babbar suka, kuma ba ta banza ba ce. Mai suka zai ce: Malam, da bakinka ka rushe maganarka. Ka nuna mana abin da ɗan kallo ke gani ba haɗari ba ne, haɗarin kuma ko ƙwararre bai gan shi ba. To me ya rage wa fasinja ko mai tsayuwa a bakin shinge in ban da ya yi shiru ya yi addu'a? Addu'a dai a yi ta. Shirun ne nake jayayya da shi, kuma shaidata jirgi ne da ya tashi daga Heathrow ɗin nan. Ranar 8 ga Janairun 1989, da dare, Boeing 737-400 na British Midland ya kama hanyar Belfast da mutum 126. Yana cikin hawa sai wani ɓangare na farfelar injin hagu ya karye, jirgi ya ɗauki jijjiga, warin hayaƙi ya shigo. Matuƙan suka yi zaton injin dama ne, suka rage masa wuta. Jijjigar ta lafa don wani dalili daban, suka ɗauka sun yi daidai, suka kashe shi. Kyaftin ya sanar da fasinja cewa injin dama ya sami matsala. A bayan jirgi kuwa akwai fasinjojin da suka ga wuta na fita daga injin hagu ƙuru-ƙuru, wasu ma'aikatan jirgin ma sun gani. Wasu fasinjan sun ji sanarwar, sun yi mamaki, amma suka ce ai kyaftin ya fi su sani. Daf da sauka a filin East Midlands lalataccen injin ya mutu gaba ɗaya, mai lafiyar kuma a kashe yake. Jirgin ya faɗi a gefen babbar hanyar M1 kusa da ƙauyen Kegworth, mutum 47 suka rasu. Watanni kaɗan kafin wannan, a Afrilun 1988, rufin wani Boeing 737 na Aloha Airlines ya yaye a sararin saman Hawaii, ma'aikaciya ɗaya ta rasu; daga baya wata fasinja ta shaida wa masu bincike cewa ta ga tsagi a jikin jirgin kusa da ƙofa lokacin da take hawa, ba ta faɗa wa kowa ba.

Abin lura shi ne matuƙi daga kujerarsa ba ya ganin yawancin jirginsa. Agogai ne idonsa. Fasinjan da ke layin baya kusa da taga yana ganin abin da kyaftin mai shekara talatin a sama ba shi da halin gani, ba don ya fi shi ilimi ba, don dai wurin zamansa. Kuma baƙon ido bai riga ya saba ba, abin da ya rufe idon makaniki bai rufe nasa ba. A jirgin Oslo ma fasinjojin da ke bakin taga ne suka ga murafen na tashi, suka ankarar da ma'aikata. Bayan Kegworth an sake fasalin horo, aka koya wa matuƙa su tambayi ma'aikatan baya abin da suke gani, su kuma ma'aikatan su faɗa ko ba a tambaye su ba. Fasinja ne kaɗai ba wanda ya horar. Wannan kuwa ya fi shafar mu. Mutanen jirgin Belfast Turawa ne da ba su cika jin nauyin musu ba, duk da haka kwarjinin kyaftin ya rufe musu baki. Ina ga mu da aka rene mu da kunya da kawaici, aka koya mana ba a katse babba, ba a gyara wa malami karatu a bainar jama'a? Tarbiyya ce mai kyau a zaure. A cikin jirgi, dattijon da ya ga mai na tsiyaya daga fiffike ya ce bari kada in zama mai neman magana, bai kyauta wa kowa ba.

Suka ta biyu ta fi ta farko ƙarfi. Idan kowane fasinja zai kira ma'aikaciya don ya ga tururi ko salatif, kuma kowane mai waya zai sa bidiyo a Facebook ya rubuta jirgi ya tsallake rijiya da baya, ai an shiga uku. Na yarda da rabin wannan. Gaskiya ne mafi yawan abin da fasinja zai nuna ba komai ba ne, kuma bidiyon firgitarwa na da illa ta gaske. Kamfanonin kirki sun daɗe suna tabbatar wa matuƙansu cewa ba za a tuhumi kowa don ya fasa sauka ba, saboda ana so waccan kashi 3 ta ƙaru. Duk lokacin da aka mai da fasa sauka abin kunya a idon duniya, ana tura matuƙi ne wajen lallaɓawa. Sai dai a raba abu biyu da ake haɗawa. Faɗin abin da aka gani daban, yanke hukunci a kansa daban. Hukunci na masu ilimin ne, kuma a nan ɗan kallo ya kamata ya ja bakinsa. Shaida kuwa ta wanda ya gani ce. Wanda ya ce wa ma'aikaciya, a hankali, 'yar'uwa, ta tagar hagu ina ganin ruwa na fita daga saman inji tun da muka tashi, ya ba ta wuri da ɓangare da lokaci, ta leƙa cikin rabin minti ta ce masa tururi ne ko ta ɗaga waya ta kira gaba. Idan kuskure ya yi, abin da aka yi asara rabin minti ne. A Kegworth abin da ake bukata bai wuce wani ya ce hagu ne ba, a lokacin da jirgin ke da sauran tsawo da lokacin da za a sake tada injin dama.

Batun tsaro ba zan daɗe a kansa ba, ko da yake shi hukumomi suka fi rayawa. A Nuwambar 2001 an kama 'yan Birtaniya 12 da 'yan Holan 2 a Kalamata ta ƙasar Girka suna rubuta lambobin jirage a sansanin sojan sama, aka same su da laifin da ya shafi leƙen asiri a 2002, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a ƙarshen shekarar. Sansanin soja da dokarsa, kuma duk inda aka hana ɗaukar hoto a bi doka. Amma 'yan sandan Landan sun bi wata hanyar a Heathrow: a 2004 suka jawo masu kallon jirage a jiki, suka nemi su riƙa kai rahoton abin da bai kwanta musu ba. Lissafinsu mai sauƙi ne. Mutumin da ya shekara goma yana tsayuwa a bakin shinge ya san motar da ba ta saba zuwa ba, ya san ƙofar da ba a saba bari a buɗe ba, fiye da ɗan sandan da aka kawo wurin makon jiya.

Masu ƙera jirage su ma sun san inda gizo ke saƙar, shi ya sa wani babban ɓangare na aikinsu shi ne tilasta wa ɓoyayyen aibi ya fito da baƙuwar kama. Jan ƙyallen nan da ake gani yana lilo a jikin jirgin da ke ajiye aikinsa ke nan: duk murfi ko fil ɗin da dole a cire kafin tashi, an ɗaura masa abin da zai tsone ido. Bayan jirgin Oslo an sake wa murafen injinan dangin A320 sakata mai mabuɗi, mabuɗin na ɗauke da ƙyalle, ba ya zaruwa sai an kulle murfin, kuma yana da ma'ajinsa a ɗakin matuƙa. Hukumar kula da lafiyar jirage ta Turai ta wajabta gyaran a 2016. Dabara ce mai kyau, kuma ina cikin masu yaba ta. Amma kada a ɗauka ƙyalle ya sauke wa mutum nauyi. A filin jirgin Brisbane na Ostareliya akwai zanzaro mai gina ɗakin laka a cikin bututun da ke auna gudun jirgi, don haka akan rufe bututun idan jirgi na ƙasa. Daren 18 ga Yulin 2018 aka rufe guda uku a hancin wani Airbus A330 na Malaysia Airlines, kowanne da jan ƙyallensa. Kyaftin ya zagaya jirgin, injiniya na wurin, masu tura jirgi baya suna tsaye a gaban hancinsa, kyamarar filin jirgi ma ta ɗauki hoton murafen a maƙale lokacin da ake tura shi. Jirgin ya hau titi ya tashi ba tare da ma'aunin gudu ko ɗaya mai aiki ba. Matuƙan sun yi ta fama har suka dawo da shi Brisbane lafiya. Da hukumar ATSB ta ƙasar ta bincika, sai ta tarar kamfanoni daban-daban ne ke da hannu a sallamar jirgin, ba a fayyace wa ke da alhakin cire murafen ba, wanda ya sa su bai rubuta a littafin jirgi ba, kuma kowane ɗaya daga cikin masu dubawa yana tsammanin akwai wani a bayansa ko a gabansa da ya riga ya duba.